DARASI: ƘAWATA GIDA BA TARE DA CIN BASHI BA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa gidajenmu cikin ni'imominsa, domin ya sanya mana su wurin natsuwa. Amma muna ganin magidanci ya ci bashi don ya sayi gado da kujeru na kece raini, sa'an nan tunanin biya ya hana shi barci bisa gadon. Muna ganin an jinkirta auren ɗiya saboda kayan ɗaki ba su cika ba.

Mu duba gidan Fiyayyen Halitta (SAW). Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa shimfiɗarsa ta fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Nasa'i ya ruwaito cewa kayan ɗakin Nana Faɗima mayafi ne da salka da matashin kai. Duk da haka Musulunci bai hana ado ba, almubazzaranci ya hana. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro.

To, da me talaka zai ƙawata gidansa?

Na ɗaya, tsabta. A share tsakar gida, a zuba rairayi, a wanke randa a rufe ta da faifai.

Na biyu, aikin hannu. Kafin damina a yi yaɓe, a yi daɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafa farar ƙasa. Wanda ya ga zanen gidajen unguwar Birni a Damagaram ya san ƙasa ma tana yin kyau.

Na uku, inuwa da ƙamshi. A dasa bedi ko zogale, a kafa rumfar zana, a shimfiɗa tabarmar kaba, a sa turaren wuta bayan Magariba.

Na huɗu, ibada. A keɓe wuri mai tsarki don nafila da karatun yara, gama Annabi (SAW) ya hana mu maida gidajenmu kamar maƙabarta.

Na biyar, kyawun hali. Mai gida ya shigo da sallama kamar yadda aya ta 61 ta Suratun Nur ta umurta, ya saki fuska, ya zauna a ci tuwo tare da ɗiyansa. In babu wannan, duk kayan da aka jera ba za su sa iyali su ji daɗin zama ba.

Muna kira ga iyaye da su sauƙaƙa kayan ɗaki, kowa ya tsaya iyakar ƙarfinsa. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya biya wa masu bashi, ya sanya albarka a gidajenmu. Amin.