Darasin Kiwon Lafiya: Ƙwayar Cutar Mura Mai Zafi

Mura iri-iri ce. Akwai 'yar ƙarama ta atishawa da majina. Akwai kuma mai zafi, wadda ke zuwa farat ɗaya da zazzaɓi, tari, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Ita ce mutanen da suke kira marisuwa. A shekarar 1918 ta game duniya, ta kashe mutane wajen miliyan 50. Ta shigo Nijeriya ta Ikko a jiragen ruwa, ta iso har Kano.

Yaya siffarta take?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin wadda likitoci ke kira bairos. Ido ba ya ganinta. Sai an jera guda 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, wato ƙaramin zane ɗaya na jikin rula.

Siffarta kamar ta ƙarangiya ce: 'yar dunƙule mai ƙayoyi a jiki. Rigarta ta kitse ce. Ƙayoyin iri biyu ne, ana kiransu H da N. A cikin cikinta kuma akwai zare gutsure 8. Su ne ke ɗauke da bayanin yadda za a ƙera wata irinta.

Yaya take hayayyafa?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar gida mai ɗakuna da yawa. Ƙwayar mura ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan.

Idan mai mura ya yi tari, na kusa da shi ya shaƙa, sai ta sauka a hanci ko maƙogwaro. Ƙayar H ita ce mabuɗinta. Da ita take maƙalewa ta buɗe ƙofa. Da ta shiga, sai ta tilasta wa ɗakin ya bar aikinsa ya koma ƙera 'ya'yanta. Ƙayar N kuwa wuƙa ce. Ita ke yanke sababbin su fita, su afka wa ɗakunan maƙwabta. Cikin kwana 1 zuwa 4 sai mutum ya kwanta.

Me ya sa take dawowa?

Jiki yana da dakaru masu gane cuta ta ƙayoyinta. Amma wannan ƙwaya ɓarawo ce mai sauya riga. Kullum ƙayoyinta na canzawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi ta bara, yana iya sake yin ta bana. Shi ya sa ake sabunta allurar rigakafinta kowace shekara.

Akwai canjin da ya fi wannan haɗari. Wani jinsinta yana kama tsuntsaye, aladu da mutane. Idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin zarensu. Sai sabuwa ta fito wadda jikin mutane bai san ta ba. Don haka murar tsuntsaye, mai suna H5N1, ba abin wasa ba ce. Ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, aka yi asarar kaji masu ɗimbin yawa.

Abin da ya kamata a yi

1. A wanke hannu da sabulu, domin yana narkar da rigar kitsen nan.
2. A rufe baki da hanci wajen tari.
3. Kada a sayi kafso a kasuwa. Maganin bakteriya ne, ba ya kashe bairos.
4. Kaji in suna mutuwa da yawa, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A gaya wa malamin dabbobi.
5. Yaro, tsoho ko mai ciki in numfashi ya yi musu wuya, a garzaya asibiti.

Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙayar H?
2. Don me mura ke dawowa kowace shekara?
3. Me za a yi in kaji suna mutuwa?