Ibrahim Wanne?

Idan ka tsaya a ƙofar masallaci a Achilafiya bayan an sallame, ka ɗaga murya ka ce, "Ibrahim!" mutum nawa za su waiwayo? Ba ɗaya ba ne, ba kuwa biyu ba. Dukansu sunan Annabi Ibrahimu aka raɗa musu. To, haka abin ya ke a cikin littattafai. Sai dai a takarda ba ka ganin fuska, don haka wajibi ne ka lura da laƙabi, da gari, da shekara.

Ga misali daga ƙasarmu ta Kazaure. A zamanin jihadi akwai wani jarumin Bafillace mai zama a Dambatta, ana ce da shi Ɗantunku. Sunansa na yanka Ibrahim. A shekarar 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, aka naɗa Dabo, Basulluɓe. Shi ma sunansa Ibrahim. Ɗantunku ya ce shi ba ya bin Dabo. Sai yaƙi ya tashi tsakaninsu, aka yi ta gwabzawa wajen shekara biyar, yau wannan ya kai hari, gobe wancan ya rama. Daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani a 1824, ya raba ƙasar Ɗantunku da ta Kano, ya mai da ita mai bin Sakkwato kai tsaye. Asalin sarautar Kazaure ke nan. Ɗantunku bai daɗe ba ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi. Dabo kuwa ya yi sarauta har 1846, kuma daga zuriyarsa sarakunan Kano su ke fitowa.

Yanzu da wani magatakarda mai ƙyuya zai rubuta, "Ibrahim ya yaƙi Ibrahim, Ibrahim ya sami ƙasa," me za ka fahimta? Kada ka yi dariya. Ni kaina na taɓa yin irin wannan sa'ad da na ke sabon akawu. Na rubuta "Malam Ibrahim" kurum a bayan takardar kira, aka kai wa wani tsoho wanda ba shi da laifin kome. Ya yi tafiyar yini guda a ƙasa kafin a gane. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Ba sarakuna kaɗai ke da sunan ba. Akwai Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu waƙoƙi. Shi ne mai Bakandamiya. Bai ci gari ko ɗaya da yaƙi ba, amma a ganina maganarsa ta shiga gidajen da dawakin Dabo ba su taɓa takawa ba.

Can nesa kuma a Kaulaha, cikin ƙasar Sanagal, an yi Shehu Ibrahim Inyass, babban malamin Tijjaniyya. An haife shi a 1900, ya rasu a Landan a 1975. Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya ke jinin Dabo ne, ya sadu da shi a wajen aikin hajji, daga nan almajiransa suka yawaita a Kano. Na baya-bayan nan su ne Janar Ibrahim Babangida, soja, wanda ya riƙe Nijeriya daga 1985 zuwa 1993, da Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, daga 1988 zuwa 1996.

Laƙabin ma ya kan yi ruɗi wani lokaci. A gida Ibrahim ya kan zama Iro ko Ibro. Amma Ɗan Ibro, mai wasan ban dariya wanda ya rasu a 2014, sunansa Rabilu Musa.

Ɗauki alkalaminka, ka rubuta Ibrahim biyar na unguwarku, kowanne da sunan mahaifinsa da sana'arsa, yadda baƙo zai iya kai masa takarda.