Darasi: Hoton Kyauta da Guntayen Fata

'Yan'uwa manoma, in ranar haihuwar Baba ko Inna ta matso, ba lalle sai an sayar da buhun gero an sayi kyauta ba. Kowa yana iya yin hotonsu da hannunsa.

In ka kai kaya cikin birnin Kano, ka biya ta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Dukawa suna ɗinka jaka da takalma a wurin, guntayen fata ja da baƙi da rawaya kuwa suna ragewa. Ka saya da 'yan kuɗi kaɗan.

Zana fuskar a kan katako da gawayi. Yanka fatar ƙanana, kamar ƙwayar masara. Jiƙa ƙaro cikin ruwan ɗumi ya kwana, sa'an nan ka riƙa mannawa ɗaya ɗaya. Fara da idanu, gama in ido ya karkace ba wanda zai gane mai hoton. Hula da riga ba su da wuya.

Waɗansu sukan yi da dawa da wake. Kada ka yi, ƙwari za su cinye fuskar. Rataye hoton inda ba danshi, don ƙaro yakan saki da damina.