Wanne ne ke cinye maka ganyen lemo?

Da damina masu dashen lemo kukansu ɗaya: ganye yana ƙarewa, malam-buɗe-littafi ya cika lambu, wane magani za a fesa? Kafin ka goya famfon feshi ka tantance mai laifin tukuna, don yawancinsu ba ruwansu da lemonka.

Mai ɓarnar babba ne, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, da tabo ja da shuɗi a fiffiken baya. Macen takan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan sabon toho. Tsutsar tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne a kan ganye, in ta girma ta koma koriya shar. Ka taɓa ta, sai ta zaro wani ƙaho mai rassa biyu daga bayan kai, mai wari. Barazana ce kawai, ba ta cizo. A bi dashen da safe a tsince ta da hannu. Babbar bishiya ba ta ma sanin ana yi, ƙananan dashe ne ke jin jiki.

Shi kuwa mai launin ruwan goro, wanda bakin fiffikensa baƙi ne da ɗigon fari, ka ƙyale shi. Tashinsa a hankali yake, ba ya shakkar tsuntsu, saboda tsutsarsa tumfafiya take ci, dafin ya zauna masa a jiki. A Afirka ta Yamma fiffikensa na baya galibi fari ne. Akwai wata mace ta wani jinsi dabam da ke aron kamanninsa don ta tsira, alhali mijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo zagaye da shuɗi. Ƙirga baƙaƙen ɗigon tsakiyar fiffiken baya: mai dafin uku ko huɗu gare shi, ita ba ta kai haka ba.

Fararen da ke taruwa a bakin kududdufi su ma ba ruwansu da lemo: tsutsar wasu tafasa da rai-ɗore take ci, ta wasu anza.

Tsutsar da ta addabi masara tun 2016 kuma ba ɗiyar malam-buɗe-littafi ba ce. Uwarta da dare take fita, in ta sauka sai ta kwantar da fiffike. Malam-buɗe-littafi na rana ne, yakan haɗe fiffikensa a tsaye, kuma gashi biyun da ke kansa suna da ɗan kumburi a ƙarshe. Feshin da ka yi masa da rana ba zai hana waccan zuba ƙwai a masararka ba, ƙudan zuma kawai zai kashe maka.