Jini a Fitsarin Yaro Ba Alamar Girma Ba Ce

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 yana wanka a kogin Jama'are, yanzu jini na biyo ƙarshen fitsarinsa. Kakarsa ta ce girma ne.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai shi gwajin fitsari a Babban Asibitin Jama'are ko asibitin tarayya na Azare. Galibi wannan tsargiya ce, wadda dodon koɗi ke yaɗawa a ruwa, kuma madubin likita na nuna ƙwanta a fitsarin tsakar rana. Kaka za ta ce ai yaron garau yake. Haka ne, amma cutar a hankali take cin mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Kada ki saya masa magani da ka. Gwajin ne zai bambance tsargiya da ciwon ƙoda, kuma gwargwadon nauyin yaron ake ba da maganin tsargiya, wato praziquantel.