Ma'anar Kalman Nan Ikilisiya

Ya ku 'yan'uwa masu neman hanya, kun sha jin kalman nan ikilisiya a bakin masu bi. Ya kamata ku san asalinta, gama akwai koyarwa a ciki.

Kalmar ta Helenanci ce, su suna cewa ekklesia, daga kalmomi biyu: ek, wato daga waje, da kalein, wato kira. A birnin Atina, shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, akan kira 'yan gari su fito daga gidajensu su taru bisa wani tudu domin shawarar yaƙi da dokoki. Taron nan shi ne ekklesia. Sa'anda Yahudawa na Iskandariya suka juya littattafansu zuwa Helenanci, da ita suka kira taron jama'ar Isra'ila. Daga nan manzanni suka ɗauke ta.

Bishara ta tafi da ita ƙasashen Turai. Faransawa suna cewa église, mutanen Sifen iglesia, na Italiya chiesa, na Fotugal igreja. Amma Ingilishi suna cewa church, Jamusawa Kirche, daga wata kalmar Helenanci dabam, kyriakon, wato abin da ke na Ubangiji, sunan da aka ba ɗakin sujada. Daga church muka sami coci.

Ku lura fa: ɗaya sunan gini ne, ɗaya sunan mutane. Domin wannan William Tyndale, da ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526, ya juya ekklesia da kalmar da ke nufin taron jama'a. Masu bi na fari ba su da gini. A gidan Akila da Biriskila aka yi ta taruwa.

To, idan mutane ne ikilisiya, ba ta ƙarewa sa'anda aka kulle ƙofa ran Lahadi. Kai da ke awo a kasuwa, mudunka na ikilisiya ne. Ke da ke ɗiban ruwa a rijiya, harshenki nata ne. Maƙwabcinka wanda bai taɓa shiga majami'a ba, a wurinka zai ga irinta. Idan ka tauye mudu, sunan dukan jama'a ka ɓata. Idan ka biya bashi a kan lokaci, dukansu ka daraja.

An kira ka ka fito. Ka yi tafiya fa kamar wanda ya amsa.