Garayata Ba Ta Riƙe Sauti

Tambaya: Malam, na sa wa garayata sababbin tsirkiyoyi, amma kullum sai sun saki. In ninka su biyu-biyu, za su riƙe? Daga wani mai karatu a Dangora.

Amsa: Malam, kada ka ninka tukuna, domin ba yawan tsirkiya ne matsalarka ba. Zaren fatsa irin na masuntan Tiga, wanda makaɗa da yawa ke ɗaurawa yanzu, yakan yi kwanaki yana miƙewa kafin ya zauna. Ga kuma fatar da jakin tsirkiya ke bisa: hunturu na ɗame ta, raɓar damina na sassauta ta, sauti kuwa yana bin ta. Ɗaura tsirkiya ɗaya, ka ja ta a hankali da yatsa, ka matsa ɗaurin fatar da ke wuya, sannan ka koma kan ta biyun.

Za ka ce ai ukulele mai tsirkiya 8, biyu-biyu, ya fi amo. Gaskiya ne, amma shi kowace tsirkiya da maɗaurinta na ƙarfe. Tagwayen tsirkiya in suka saɓa ko kaɗan, sai ka ji sautin na rawa, kuma ɗaurin fata ba ya ba ka wannan ƙaramin gyara cikin sauƙi. Ƙarin nauyin ma yana iya dulmiya jakin cikin fata.